Ranar da na je ganin hotunan Shinzo Maeda a Biei

Asabar, makon ƙarshe na watan Yuli.

A wannan lokaci na shekara gari yakan waye da wuri ƙwarai a tsibirin Hokkaido da ke arewacin Japan, domin ƙarfe huɗu da 'yan mintoci rana ta riga ta fito, saboda haka da na idar da sallar asuba ban koma barci ba, sai na haɗa 'yar jakata na nufi tashar jirgin ƙasa ta Sapporo. Tun watannin sanyi nake ɗauke da niyyar wannan tafiya, tun ranar da na ga wani hoto rataye a ofishin malamin da ke duba bincikena, na tambaye shi ko wace ƙasa ce a Turai, ya yi murmushi ya ce gonakin Biei ne, wani ƙaramin gari a nan Hokkaido, kuma wanda ya ɗauki hoton sunansa Shinzo Maeda. Jirgi ya kai ni Asahikawa cikin kimanin awa ɗaya da rabi, daga nan na shiga wani ƙarami wanda ya sauke ni a Biei bayan rabin awa da ɗoriya. A bakin tasha na yi hayar keke mai batir, saboda gidan da aka ajiye hotunan yana da nisan kusan kilomita 10 daga gari, kuma hanyar hawa ce da gangara tun daga farko har ƙarshe.

Ban yi nisa ba na fahimci abin da ya tsayar da mutumin a nan. Ƙasar ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, tuddai ne masu laushin baya suna bin juna, kuma kowane tudu an yanka shi gona-gona, kowace gona da launinta. Ga alkama ta nuna ta yi ruwan zinariya, ga dankalin turawa kore shar a gefenta, ga wake, ga wani tushe mai faɗin ganye da suke tatsar sukari daga cikinsa. A matsayina na ɗalibin aikin gona na san cewa ba don ado aka jera su haka ba. Manoman nan suna jujjuya amfanin gona ne shekara bayan shekara, inda aka shuka alkama bana a sa dankali ko wake baɗi, don kada ƙasa ta gaji kuma kada cuta ta samu wurin zama. Wato launukan da baƙi suke zuwa kallo daga nesa sakamakon lissafin manomi ne, kuma tsarinsu yana sauyawa duk shekara.

Gidan hotunan sunansa Takushinkan. Tsohuwar makarantar firamare ce da aka rufe, Maeda ya gyara ginin ya buɗe shi ga jama'a a shekarar 1987. Wurin shiru yake, kuma a gefensa akwai wata siririyar hanya da ta ratsa cikin itatuwa masu farin ɓawo waɗanda Japanawa ke kira shirakaba.

Tarihin mutumin ya ba ni mamaki fiye da yadda na zata. An haife shi a 1922 a wani ƙauye da yanzu yake cikin Hachioji, yamma da tsakiyar Tokiyo. Bai fara rayuwarsa da sana'ar hoto ba, domin shekara 17 ya yi yana aiki a kamfanin kasuwanci na Nichimen, sai a 1965, yana da shekara arba'in da 'yan kai kuma da iyali a wuyansa, ya ajiye aikin albashi ya rungumi kyamara. A 1967 ya kafa kamfaninsa na hotuna mai suna Tankei. A 1971 ya yi wata doguwar tafiya ta kusan wata uku yana ratsa Japan daga kudu zuwa arewa yana ɗaukar hoto, kuma a cikin wannan tafiya ce ya ci karo da tuddan Biei da na garin Kamifurano da ke kusa da shi. A wancan zamani masu ɗaukar hoton yanayin ƙasa sun fi karkata ga sanannun wurare, irin su dutsen Fuji da tsoffin wuraren bauta da gaɓar teku, kuma ba a ɗauki gonar dankali a matsayin abin da ya cancanci a ɓata fim a kansa ba. Shi kuwa ya ga abin da su kansu masu gonakin ba su ɗauka wani abin kallo ba ne, ya yi ta dawowa shekara da shekaru, cikin zafi da cikin dusar ƙanƙara, har zuwa rasuwarsa a 1998.

Na fi daɗewa a gaban hoton da ya fi shahara a cikin ayyukansa, wanda ya ɗauka a 1977, ana kiransa Bakushu Senretsu, ma'ana kusan tsananin hasken lokacin girbin alkama. Gona ce ta wata irin alkama mai jan zangarniya, sama kuma ta haɗe da baƙin hadari, sai ranar yamma ta samu kafa ta ƙarƙashin gajimare ta zubo haske a kan gonar, jan ya kama kamar garwashi. Da na matsa kusa sai na lura cewa jan ba iri ɗaya ba ne, wani wurin ya yi duhu, wani wurin ya yi haske har yana neman komawa ruwan goro. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gona da la'asar sakaliya bayan an ɗauke ruwa ya san cewa irin wannan haske ba ya daɗewa, kafin ka gyara tsayuwa ya wuce. Kuma Maeda ba da irin wayoyinmu ya yi aiki ba, da babbar kyamara ce da ake girkewa a kan ƙafafu uku, wadda sai an saita ta da hannu a natse kafin a ɗauki hoto ɗaya. Don haka ban yarda sa'a ce kawai ba. Mutum ba ya samun kansa a daidai wurin a daidai lokacin, da kayan aikinsa a shirye, sai in ya san tudun kamar yadda ya san tsakar gidansu, ya san ta inda rana ke faɗuwa a watan Yuli da yadda hadarin wurin ke tafiya. Ɗaya daga cikin littattafansa na farko ma sunansa yana nufin lokacin haɗuwa, kuma a ganina sunan ya dace da aikinsa, domin hotunansa ba su yi kama da na mai farautar abin mamaki ba, sun fi kama da na wanda ya yi ta zuwa gaisuwa har aka saba da shi.

Akwai kuma hotunan hunturu, waɗanda ban yi tsammanin za su kama ni ba. Fari ne fat daga sama har ƙasa, sai layin itatuwa siriri a kan tudu da inuwarsu mai shuɗi-shuɗi. Na tsaya ina mamakin yadda mutum zai cire kusan komai daga cikin hoto amma hoton ya cika.

Abin da ya dame ni ya zo ne bayan na fito. A hanyar komawa na ga alluna a bakin gonaki, an rubuta da harsuna da yawa cewa kada a shiga, kuma duk da haka na ga wasu baƙi biyu sun tsallaka cikin alkama suna ɗaukar juna hoto. Raina ya ɓaci sosai, domin na san abin da takalmi ke iya ɗaukowa. Akwai wata ƙaramar tsutsa da ke kama saiwar dankali, ƙwayayenta suna iya zama a cikin ƙasa fiye da shekara goma, kuma ɗan turɓayar da ta maƙale a tafin takalmi ya isa ya kai ta gonar da ba ta da ita. Garin da mutanensa ba su wuce dubu goma ba yanzu yana karɓar baƙi fiye da miliyan biyu a shekara. A watan Fabrairun 2016 wani manomi ya sare wata doguwar bishiya da ke tsakiyar gonarsa, wadda aka laƙaba wa suna bishiyar falsafa saboda yadda ta ɗan karkata kamar mai tunani, domin ta tsufa kuma ya gaji da masu tattake masa shuka don su ɗauke ta hoto. Mutane da yawa sun ji zafin rashinta, amma ni ban ga laifinsa ba ko kaɗan.

Ba zan ɗora wa Maeda alhakin wannan ba, ko da yake ba a musun cewa hotunansa suna cikin abubuwan da suka fito da sunan Biei, tare da tallace-tallacen da kamfanoni suka ɗauka a kan waɗannan tuddai a shekarun 1970. Abin da na gani a bangon Takushinkan shi ne aikin mutumin da ya girmama gona. Layukan da ke cikin hotunansa layukan garma ne, kuma ko da ba a ga manomi a ciki ba, hannunsa yana ko'ina. Wannan ƙasa ba ta zo wa mutanenta da sauƙi ba. A ƙarshen ƙarni na 19 ne baƙi daga wasu sassan Japan suka fara sare dajin suna noma, kuma dutsen Tokachi da na hango yana fitar da farin hayaƙi daga gabas shi ne ya yi aman wuta a 1926, ya narkar da ƙanƙara, laka ta gangaro ta binne gonaki ta hallaka mutum 144. Wanda ya san wannan ba zai taka alkamar jikokinsu don hoto ba.

Na yi sallar la'asar a gefen wata hanyar da ba kowa, ina jin ƙarar injin girbi daga bayan tudu. Hadari ya ɗan taso daga yamma, na zauna kusan awa guda a bakin kwalta ina jira ko zan ga irin hasken nan da idona, amma gajimaren ya watse ba tare da ya yi komai ba, kuma lokacin mayar da keke ya matso. Na ɗauki hoto ɗaya da waya daga inda nake zaune, na gonar alkama da ta dankali da suka haɗu a kan gangare.

A cikin jirgin komawa na aika wa Baba hoton, ganin cewa a gida hantsi ya yi. Shi ma yana noman alkama da rani a Kadawa, kuma na san zai duba da idon manomi. Kafin mu kai Asahikawa ya turo saƙon murya, bayan gaisuwa da sa albarka ya ce: "To, ka tambayo mini, yaya suke yi ruwan sama ba ya wanke musu ƙasa a kan wannan gangare?" Na ce masa: "Insha Allahu, Baba, ranar Litinin zan tambayi malaminmu, in kuma ban gamsu ba zan koma in tambayi masu gonar da kansu."