Laraba, agwagwa kuma

Tantinmu na karatu a sansanin yara ya tsaya yau! Zannuwan gado biyu, kujeru huɗu da igiya, shi ke nan. Muka rage fitila, kowane yaro da 'yar tocilarsa, suka rarrafa ciki da littattafai. Sarkin Gudu, wanda ba ya iya zaman minti ɗaya, shi ya fara shigewa kuma shi ya fito ƙarshe. Bayan nan farautar haruffa: na binne haruffan roba a cikin yashi, duk wanda ya tono ɗaya sai ya nemo abokin da sunansa ya fara da shi. Sai tafa sunaye gaɓa-gaɓa, mai dogon suna yana ta hura hanci don tafinsa ya fi na kowa yawa.

Da lokacin labari ya yi na ɗauko sabon littafi, mai hotuna masu kyau ƙwarai. Ban ko buɗe ba suka ɗau ihu: agwagwa, agwagwa! Tun Litinin muke kan agwagwar nan da ta ɓatar da takalminta. Na mayar da sabon kan kantar littattafai, na sake karanta musu ita. Yanzu in na kai wurin da take tambayar kwaɗo sai in yi shiru, su ƙarasa da kansu, har da muryar kwaɗon.

Wajen tashi ne Maman 'Yan Biyu ta ja ni gefe.

"Malama, don Allah 'yar magana gare ni, kada ki ji haushi."

"Haba Hajiya, ina jin ki."

"Yaran nan kullum suka dawo zance ɗaya ne, agwagwa ta ɓatar da takalmi. Littafi ɗaya ne kawai da ku a sansanin nan?"

Na nuna mata kanta cike da littattafai, na ce su ne suke zaɓar wannan.

"To ai yaro ba shi ke zaɓa ba, Malama. Ɗan maƙwabciyata sa'ansu ne, kullum sai ya cika shafi da rubutu. Nawa ko takarda ɗaya ba su taɓa kawo min ba, sai wata agwagwar safa mai ido ɗaya."

Agwagwar safar nan fa ni na ɗinka mata idon, ɗayan ne ya faɗi. Na haɗiye.

Na gaya mata abin da na sani. A 2011 Jessica Horst da abokan aikinta a Jami'ar Sussex ta Ingila sun gwada wannan da 'yan shekara uku. Wasu aka riƙa maimaita musu labari ɗaya, wasu kuma aka riƙa canza musu labari, amma duka sun ji sababbin kalmomin sau iri ɗaya. Waɗanda aka maimaita wa su ne suka fi riƙe kalmomin. Dalilin, a ganina, ba ɓoyayye ba ne: karon farko hankalin yaro yana kan me zai faru, sai ya san ƙarshen labarin sannan kunnensa ke samun sararin kama kalma. Na ce mata kuma ba karatu kawai nake yi ina wucewa ba, tambaya nake jefa musu. Me kake gani a nan? In yaro ya ce "takalmi" sai in ce "ƙwarai, jan takalmi ne a ƙarƙashin ganye," in sa shi ya maimaita. Tun 1988 Grover Whitehurst ya nuna irin wannan karatu na hira yana ƙara wa ƙananan yara kalmomin baki.

Ta saurare ni tsaf, ba ta katse ni ba. Sai ta gyara jakarta ta ce, "Na ji, Malama. Amma ranar gwajin shiga firamare ba za a tambaye su agwagwa ba."

Ta kama hannun yaranta suka tafi. Babu faɗa, har da "sai gobe" da murmushi. Da ta yi faɗa ma da ya fi min sauƙi.

Abin da ke cina shi ne ba ƙarya ta yi ba. Gwajin yana nan, kuma ita za ta tsaya a bakin ƙofa tana jiran sakamako. Zan iya ce mata a Finland sai yaro ya shekara bakwai yake fara firamare, amma me wannan zai tsinana mata? Aikinmu ba ya barin shaida a takarda. Da safe ƙaramin 'yan biyun ya zauna a kusurwar tanti shi kaɗai, ya buɗe littafin, yana bin layi da yatsa daga hagu zuwa dama, yana faɗin labarin da ka, kuma yana juya shafi daidai inda ya kamata. Bai san harafi biyar ba tukuna, amma ya riga ya gane cewa baƙaƙen nan su ne ke ɗauke da maganar, kuma maganar ba ta canzawa daga jiya zuwa yau. Ta yaya zan saka wannan a jakarsa ya kai gida? Shafi cike da harafi ɗaya kuwa ana iya manna shi a bango kowa ya gani, ko da yaron ya rubuta shi yana hawaye.

Na kai wa Shugabar sansanin zancen. Ita nata mai sauƙi ne: a buga takardun koyon rubutu na bin ɗigo a raba ranar Juma'a, hankalin iyaye ya kwanta. Na ce a ba ni gobe tukuna. So nake kowane yaro ya yi littafin kansa, takarda huɗu a naɗe, shi ya zana, ya faɗi labarin ni in rubuta masa a ƙasa kalma da kalma yadda ya faɗa, ba gyara, ya sa harafin farkon sunansa a bangon littafin. Wannan ma takarda ce, za a iya riƙe ta a hannu. Shugaba ta ce to, amma irin "to" ɗin nan nata da kuka sani. Takardun ɗigon dai na ga ta riga ta ajiye su kusa da na'urar bugawa.

Auta ta ƙi barci sai da na karanta mata nata, murya ta dishe. Yaya ta kira ban ɗauka ba, gobe in sha Allah. Gam har yanzu a gwiwar hannuna.

Mai tsofaffin safa marasa abokan tafiya da maɓallai manya ya taimaka min kafin Juma'a, manya fa, don ƙananan suna ƙarewa a baki.