Agogona ba ya cin batir, ashe motsina yake ci

Wallahi kyansa kawai ya ja ni na saya, ban san komai a kansa ba. Irin agogon nan ne da ake ce wa sikeletin, fuskarsa a buɗe, kana ganin kayan cikinsa duka, ƙananan tayoyi masu haƙora suna juyawa ga wani ɗan zobe yana ta kai da komo kamar bugun zuciya. Ranar Juma'a na ɗaura na tafi masallaci, da dare na cire na jefa a durowa, safiyar Litinin na ɗauko zan fita shago sai na tarar ya tsaya cak.

Raina ya ɓaci, na ce shi kenan an haɗa ni da mai mataccen batir. Na kai wa wani dattijo mai gyaran agogo a bakin kasuwarmu na ce Baba a canja min batir. Ya maƙala ɗan gilashin nan nasu a ido ɗaya, ya juya bayan agogon, sai ya fashe da dariya, ya ce yaro ina ka ga wurin batir a nan? Otomatik ne. Ya girgiza shi sau uku huɗu, sai ga zoben nan ya tashi ya ci gaba da rawarsa, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da yake bayan ma gilashi ne, nan ya nuna min wani ƙarfe mai siffar rabin faifai, rota sunansa, nauyinsa duk a gefe ɗaya yake, shi ya sa da ka ɗaga hannu ko ka sauke sai ya zame ya juya, juyawar nan ita ke wana wani dogon siririn sifirin da ke naɗe cikin ɗan gwangwani. Sifirin ɗin so yake ya warware gaba ɗaya lokaci guda, amma akwai wani ɗan ƙarfe mai baki biyu da ke riƙe tayar ƙarshe, ya saki haƙori ɗaya ya kama, ya saki ya kama, zoben nan kuma shi ke yi masa kiɗa. Injin nawa NH70 ne na kamfanin Seiko na Japan, yana bugu 21,600 a awa, wato shida a kowace daƙiƙa, abin da ya sa hannun daƙiƙa yake tafiya sumul ba tsalle irin na mai batir. In an wana shi ya ƙoshi yana kai awa 41 a ajiye, ni kuwa na bar shi sama da awa 50, to laifin wa? Jajayen ɗigon da na ɗauka ado ne ma ashe yaƙutu ne na haɗi, guda 24, an sa su ne inda ƙarafa ke gogayya don kada su cinye. Kuma ni da nake ganin sabuwar fasaha na ɗauro, ashe wani Baturen Ingila John Harwood ya yi rajistar irinsa tun shekarun 1920, Rolex kuma suka fito da rota mai zagayawa gaba ɗaya a 1931.

Matsala ta biyu daga aikina ta fito. Shagon POS nake zama, wuni guda yatsu ne kawai ke aiki, hannu na kan tebur, sai agogon ya riƙa kwana da yunwa, wani lokacin kafin asuba ya tsaya. Yanzu kullum da safe nakan wana shi da hannu sau ashirin zuwa talatin kafin in ɗaura, da farko ina tsoron kada in tsinke sifirin ɗin, Baba ya ce in ya cika zamewa yake yi a cikin gwangwanin, ba ya tsinkewa.

Sai wata rana na ga ya fara gudu, minti biyar minti shida a wuni. Ashe ni ne, in zan yi alwala sai in cire in ɗora kan sifikar da nake jin karatu da ita a shago, maganaɗisun cikinta ya kama siririn sifirin da ke tsakiyar zoben nan, zarensa ya manne da juna. Baba ya ɗora shi kan wata 'yar na'ura ya danna, ya janye shi a hankali, ko buɗe shi bai yi ba, ya dawo daidai. Daidai ɗin ma da sauƙi, yakan ƙara daƙiƙa goma sha a wuni, duk Juma'a nake saita shi da waya.

Abin da har yau ban samu maganinsa ba shi ne duba lokaci. Hannayensa farin ƙarfe ne, kayan cikin ma farin ƙarfe, da an yi magariba sai in ta karkata hannu ina neman dogon hannu a cikin haƙora. Jiya wani kwastoma ya ga agogon ya yaba, ya ce ƙarfe nawa yanzu, na zura masa ido na ɗan lokaci, sannan na zaro waya na ce bakwai saura kwata.