Karoti ba albasa ba ne

Mu 'yan jihar Tawa da albasa muka buɗe ido, sunan albasar garin Galmi ma ya ishe mu tinƙaho. Shi ya sa da na fara noman karoti a garkarmu na ɗauka duk kanwar ja ce. Ƙannena, nan na kwashi kashina a hannu.

Rainon iri na yi, na cire na dasa yadda muke wa albasa. Ashe karoti ba ya son dashe, saiwar ita ce dukiyar, da ka taɓa ta tana ƙarama ta karkace ke nan. Inda ka shuka shi nan zai girma. Ka cuɗa irin da yashi don ƙanana ne ƙwarai, ka zuba a layi, zurfin kada ya wuce santimita 1, ka riƙa yayyafi da arozuwar, wato butar ban ruwa, safe da maraice. Yakan kai kwana 10 ko mako 2 bai leƙo ba, kada ka ce ya mutu.

Da shekara ta zagayo na jibga wa fangalan ɗanyen kashin shanu, wai ni mai son amfani. Ranar cira kowane ya fito da ƙafa biyu ko uku. Wata mai saye a kasuwa ta ɗaga guda ta ce, "Malam, karoti ne ko citta?" Taki sai wanda ya ruɓe, ƙasa kuma a kafce ta da zurfi, a tsince tsakuwa.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne ragi. Tsiro ya fito cunkus, kore shar, na kasa cire ko ɗaya. Tsohon da ke maƙwabtaka da mu ya leƙo ta darni ya ce, "Ɗana, tausayin me kake ji?" Na ce, "Baba, kuɗi fa na sa na sayi irin." Bai tanka ba, ya tsuguna ya bi layi guda yana tugewa, yana barin tazarar yatsa uku, wajen santimita 5. Raina ya ɓaci, na hana shi taɓa sauran. Bayan wata 3 layinsa kaɗai ya yi kauri, nawa kuwa sirara kamar tsinken tsintsiya.

Yanzu a Nuwamba nake shuka, sanyi ya rene shi, in cire kafin zafin Maris ya kama. Daren cira nakan ba fangali ruwa, da asuba sai ya zaro bai karye ba.