Kyandir na cikin kwalba: an gama zubi, an shiga gwajin lagwani

'Yan uwa masu koyon haɗa kyandir, ga inda aiki ya kai. Zubin farko na kakin waken suya ya daskare, ya sha hutunsa, kuma an fara kunnawa. Wanda bai kai nan ba ya bi awon da ke ƙasa, wanda kuma ya riga ya zuba ya tsallake zuwa batun lagwani, don a nan ne kyandir ke kyau ko ya lalace.

Kwalbar da muke aiki da ita mai faɗin baki santimita 7 ce, mai kauri, wadda ba ta da tsaga ko kaɗan. Kafin a narkar da komai, a zuba ruwa a kwalbar har inda ake so kakin ya tsaya, a bar kamar santimita ɗaya da rabi daga baki, sannan a auna nauyin ruwan a sikeli. Kaki bai kai ruwa nauyi ba, saboda haka sai a ninka adadin da 0.86. In ruwan ya ba da giram 200, abin da za a zuba ke nan giram 172: kaki giram 160, man ƙamshi giram 12 zuwa 13, wato kashi 8 cikin 100 na nauyin kakin. A sikeli ake awon man ƙamshi, ban da cokali, don wani man ya fi wani nauyi. Kuma a shanya kwalbar ta bushe sarai, ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya sa wuta ta riƙa tartsatsi.

Ba a ɗora kaki kai tsaye a kan wuta. A sa shi a gwangwani ko jug na ƙarfe, a zaunar cikin tukunyar da ke da ruwa mai tafasa a hankali. Idan ma'aunin zafi ya nuna digiri 80 zuwa 85 na Celsius, a sauke, a zuba man ƙamshi, a juya a hankali na tsawon minti biyu cur. Minti biyun nan ba ɓata lokaci ba ne. Man da bai gauraya ba yakan taru a gindin kwalba ko ya fito sama yana gumi. Turaren fesawa na jiki bai shiga wannan aiki, saboda sinadarin da ke cikinsa mai saurin kama wuta ne kuma ba ya haɗuwa da kaki. Idan kaki ya taɓa kamawa da wuta, a kashe murhu a rufe da murfi. Kada a kuskura a watsa ruwa.

An jira zafi ya sauko wajen digiri 57 zuwa 60 kafin zubi, an ɗan ɗumama kwalaben, an manne gindin lagwani a tsakiya da gam, an ɗaure samansa a jikin fensir da aka gitta a bakin kwalba. Daga nan aka bar su a ɗaki nesa da fanka da taga. Firiji yana saurin daskarar da kaki, amma yana tsattsaga shi.

Aibin da ya fito a ido bai taka kara ya karya ba. Wasu kyandirori sun yi farin tabo kamar an barbaɗa gishiri, wanda halin kakin waken suya ne, musamman in an sa masa launi, kuma ba ya hana ci. Wasu sun yi ɗan rami kusa da lagwani, don kaki yana tsukewa in yana hucewa. Maganinsa a huda wurin da tsinke, a narkar da ragowar kaki a zuba siriri a kai. Akwai kuma inda kakin ya saki jikin gilas ya yi kamar jiƙaƙƙen wuri. Wannan bambancin zafi ne tsakanin kaki da kwalba, sai dai a rage shi, da wuya a rabu da shi gaba ɗaya.

Kakin waken suya yana son a bar shi sati ɗaya zuwa biyu kafin a kunna. Wanda ya kunna washegari zai ce ƙamshi bai fita, alhali bai ba shi lokaci ba ne.

To, lagwani. Masu ƙera shi suna ba shi lamba, kuma a cikin samfuri ɗaya, girman lamba shi ne ƙarfin wuta. Amma lamba 10 ta wannan samfurin ba ita ce 10 ta wancan ba. Jadawalin da suke bayarwa mafari ne kawai, don man ƙamshi da launi da siffar kwalba duk suna canza yadda kaki ke ci. Abin da ya fi shi ne a sayi lambobi uku da ke bin juna, misali lamba 8 da 10 da 12 na samfurin lagwani mai suna ECO ga kwalba irin tamu, a zuba kyandir uku daga narki guda, komai iri ɗaya sai lagwanin. In aka canza lagwani aka kuma canza yawan ƙamshi a lokaci guda, ba za a san wanne ya kawo gyara ba. Masu son tattalin kaki suna zuba kwalba ba lagwani, bayan ta daskare su huda tsakiya da tsinke su zura shi, in bai yi ba su zare su sa wani.

A datse lagwani ya rage milimita 6 kafin kowane kunni. A kunna ukun tare, a duba su duk bayan awa ɗaya, a kashe a awa ta huɗu. Abin da ake nema: harshen wuta ya tsaya cak, tsayinsa santimita 2 zuwa 3, narkakken kaki ya kusa taɓa bangon kwalba bayan kamar awa uku, zurfinsa kada ya wuce santimita ɗaya. Ƙaramin lagwani yana haƙa rami a tsakiya ya bar kaki jibge a gefe, a ƙarshe narkakken kakin ya nutsar da shi wutar ta mutu. Wanda ya yi girma kuwa, wutarsa takan yi tsawo tana rawa, baƙin hayaƙi ya shafe bakin kwalba, kan lagwanin ya tara baƙin curi, kwalbar ta yi zafin da hannu ba zai iya riƙewa ba.

Ga inda da yawa ke yanke hukunci da wuri. A kunnin farko, babban lagwani ne ke burge mutum, don shi ke saurin narkar da saman gaba ɗaya. Amma yayin da kaki ke yin ƙasa, bangon kwalba yana tare zafi yana mayar da shi ciki, sai wutar da ta yi daidai a sama ta zama ta yi yawa a ƙasa. Lagwanin da ya bar ɗan siririn kaki a bango a kunnin farko, yawanci shi ke cin nasara, don zafin zai narkar da ragowar daga baya. Saboda haka ba a zaɓar lagwani sai an ƙone kyandir har ƙasa, ana bari ya huce ya daskare tsakanin kunni da kunni. A gwajin da ke gudana yanzu, lamba 8 ta fara rami, 12 ta fara hayaƙi, 10 kuma tana tafiya lafiya, amma ba a kai rabin kwalba ba, don haka ba a rufe magana ba.

Ga masu shirin bayar da shi kyauta, ado ya tsaya a wajen kwalba: zaren auduga, ƙyalle, takardar suna. Busasshen fure da ake yayi a saman kyandir yana da kyau a hoto, amma da zarar kaki ya narke sai ya matso ga wuta ya kama. Launin zanen yara na kaki shi ma a bar shi, garinsa yana toshe lagwani, a nemi rinin da aka yi domin kyandir. Kofin roba da na katako da tukunyar ƙasa marar shafe ba su dace ba, ta ƙarshen tana tsotse kaki har jikinta ya iya kamawa. A liƙa 'yar takarda a gindi mai cewa a datse lagwani, kada a wuce awa huɗu, a nisanta shi da yara da labule, kuma a daina kunnawa in kakin ya rage santimita ɗaya.

Mataki na gaba shi ne kakin zuma. Sai wajen digiri 63 yake narkewa kuma ya fi tauri, don haka lagwanin da ya yi wa waken suya daidai zai yi masa kaɗan. Duk mai son bin mu ya tanadi lambobi biyu sama da wadda ya tsayar, da kwalabe masu faɗin baki iri ɗaya da na yanzu.