Na koma Linux, ga abin da na so a ce wani ya faɗa min tun ranar farko

Tsohuwar laftof ɗina ce ta jefa ni cikin wannan harkar, ba wai don ni gwanin kwamfuta ba ne. Ta kusa shekara goma a hannuna, ram ɗinta giga 4 kacal, kuma ta kai matsayin da in na kunna ta sai na tashi na yi wani abu na dawo kafin ta gama farkawa. Ana cikin haka kuma wa'adin Windows 10 ya zo ƙarshe ranar 14 ga Oktoba 2025, wato an daina turo mata gyare-gyaren tsaro na yau da kullum, ita kuma Windows 11 tana neman wani abu da ake kira TPM 2.0 wanda tawa ba ta da shi. To kibod lafiya lau, sikirin lafiya lau, batir ma yana ɗan riƙewa, gaskiya raina bai ba ni in jefar da ita ba. Nan ne wani abokina ya ce me zai hana ka gwada Linux.

Kafin nan ni a tunanina Linux abin masu kutse ne, baƙin allo da koren rubutu yana ta gudu. Ashe ma ina ɗauke da shi a aljihu ban sani ba, domin Android a kan ƙwayar Linux aka gina ta, wato zuciyar manhajar da ke magana da sassan na'ura. Wani ɗalibi ne a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara rubuta wannan ƙwayar a 1991, aka haɗa ta da kayan aikin shirin GNU wanda Richard Stallman ya sanar a 1983, shi ne aka samu cikakkiyar babbar manhaja mai tafiyar da kwamfuta. Abin da ya fi burge ni ba kyautar da ake samunta ba ne, a'a, rubutun da aka gina ta da shi a buɗe yake, kowa yana da damar ya karanta, ya gyara, ya raba wa wasu, kuma lasisin da ke kanta ya ce in ka gyara ka raba to dole kai ma ka bar naka a buɗe. Ni ban iya karanta wannan rubutun ba har yau, amma sanin cewa akwai dubban mutane da suke iya leƙawa su ga me ke ciki yana kwantar min da hankali.

Matsala ta farko da na ci karo da ita ruwan ido ne. Linux ba guda ɗaya ba ce, iri-iri ce, ana ce musu distiro, akwai Debian da ta fito tun 1993, akwai Ubuntu da kamfanin Canonical ya fitar a 2004 a kan ita Debian ɗin, akwai Fedora, akwai Arch, kuma duk wanda ka tambaya a intanet zai rantse maka tashi ce ta fi. Sati biyu na ɓata ina kallon bidiyo ban taɓa komai ba. Shawarata a nan gajeriya ce ɗan'uwa, in daga Windows ka fito ka ɗauki Linux Mint, ka rufe ido daga sauran na aƙalla wata uku. Fuskarta mai suna Cinnamon tana da madanni a ƙasa gefen hagu da jerin manhajoji kamar yadda ka saba, in kuma kwamfutar ta tsufa sosai akwai mai Xfce wadda ta fi sauƙin nauyi, ita na saka.

Yanzu ga inda nake so a tsaya a saurare ni da kyau, domin nan ne na yi asara. Linux tana da wani abu mai kyau ƙwarai, kana iya gwada ta daga filashi ba tare da ka taɓa komai a cikin kwamfutarka ba. Ka sauke fayil ɗin ISO, wato fayil ɗin da ke ɗauke da Mint gaba ɗayanta, daga shafinsu na asali, girmansa wajen giga 3, ka samo filashi mai giga 8 wanda babu abin da kake so a ciki domin za a goge shi kaf, ka rubuta ISO ɗin a kai da manhajar Rufus ko balenaEtcher, sai ka kashe kwamfutar ka kunna kana danna F12 ko Esc, ya danganta da irin kwamfutar, ka zaɓi filashin. Shi ke nan za ka gan ka a cikin Mint, ka buɗe Firefox, ka gwada wayifai, ka gwada sauti da kyamara, ka haɗa firinta in kana da ita, kana cire filashin kuma Windows ɗinka tana nan yadda ka bar ta. Gani ya kori ji ai. Ni kuwa doki ya hana ni tsayawa, minti goma da shiga na danna girkawa, da aka zo wajen tambayar faifai na zaɓi wanda ya ce a goge faifan a girka, ina tunanin C kawai zai goge tunda hotunana da takarduna duk suna D. Ban san cewa C da D ɗin nan faifai ɗaya ne aka raba shi biyu ba, kuma shi goge faifai gaba ɗayansa yake nufi. Hotunan shekara shida suka tafi, ciki har da na mahaifiyata waɗanda babu su a ko'ina, wallahi har yanzu in na tuna sai na ji wani abu ya tokare min ƙirji. Laifin ba na manhajar ba ne, ta yi gargaɗi a fili, ni ne ban karanta ba. Don Allah kafin ka danna komai ka kwashe fayilolinka zuwa wani faifai na waje, ka buɗe su a can ka tabbatar sun kwafu, sannan in kana da sarari ka zaɓi a girka ta kusa da Windows, duk sanda ka kunna za a tambaye ka wacce kake so.

Bayan girkawa abubuwa biyu za ka fara yi, ka buɗe Update Manager ka bari ya sabunta komai, sannan ka kunna Timeshift, wanda yake ɗaukar hoton tsarin yadda in ka ɓata wani abu za ka iya komawa baya. Amma fa tsarin yake adanawa, ba hotunanka da takardunka ba, waɗannan kai za ka kula da su. In wayifai ya ƙi ko kana da katin hoto na Nvidia, Driver Manager ne wurin dubawa.

Shi kuma baƙin allon da ake tsoro, tamina, inda ake rubuta wa kwamfuta umarni, na yi wata guda ban buƙace shi ba, domin akwai Software Manager da kake neman manhaja ka danna ta sauka kamar a waya. Ranar da na fara buɗe shi na rubuta sudo apt update, ya nemi kalmar sirri, to in kana rubutawa ka ga babu abin da ke fitowa ko ɗigo ɗaya, kar ka ɗauka kibod ne ya mutu. Haka yake da gangan a Linux da yawa, rubuta kawai ka danna Enter. Abin da zan ja kunne a kai shi ne sudo ɗin nan yana nufin ka ba umarnin cikakken iko a kan kwamfutar, saboda haka kar ka kwafo layi daga intanet ka manna alhali ba ka san me zai yi ba, ka tambaya tukuna.

Ba zan ɓoye ba akwai abin da za ka rasa. Microsoft Office da Photoshop ba sa hawa kai tsaye. LibreOffice yana zuwa a ciki, Writer maimakon Word, Calc maimakon Excel, kuma yana buɗe docx har ya adana da shi, sai dai takarda mai tebura da ado da yawa wani lokaci takan ɗan goce, shi ya sa duk abin da zan tura wa wani wanda ba gyara zai yi ba nake mayar da shi PDF. GIMP yana gyaran hoto amma sai ka sake koyo, hannu ba ya sabawa da wuri. In aikin da kake ci da shi ya dogara da wata manhaja guda, ka bincika tana aiki a Linux ko ba ta yi tun kafin ka fara, in ba ta yi ka bar Windows ɗinka a gefe, babu abin kunya a ciki.

Wani abu da ban zata ba, a cikin saitin kibod na tarar da tsarin Hausa a jere da sauran harsuna, na ƙara shi, yanzu ƙ da ɗ da ɓ suna fitowa ba sai na je na kwafo su daga wani wuri ba. Da ita wannan tsohuwar laftof ɗin nake rubuta wannan, fanka ba ta ihu, kuma satin nan nake shirin saka wa ƙanwata Mint a tata, na riga na ce mata ta kawo faifan waje tukuna mu kwashe komai.