Abin da Ganguna Suka Koya Mini a Shirin James Brown

A shekarata ta biyu da fara aiki a gidan rediyo, shugaban sashenmu ya ɗora mini haɗa shiri na rabin sa'a a kan James Brown, mawaƙin nan na Amurka da ya rasu ranar 25 ga Disamba 2006. Na zaci aikin yini guda ne. Na rubuta cewa an haife shi a 1933 a jihar Carolina ta Kudu, ya tashi a garin Augusta na jihar Georgia cikin talauci yana goge takalma yana rawa a bakin titi don samun na abinci, kuma an ɗaure shi yana ɗan shekara 16 kan laifin sata. Dattijon ya karanta har ƙarshe, ya ajiye takardar, ya ce da ni, "Ɗana, ka kawo mini labarin mutum, to ina kiɗan? Koma ka saurara."

Mako guda na yi ina sauraro kafin kunnena ya kama abin da yake nufi. A yawancin kiɗan soul na baƙaƙen fatar Amurka a zamaninsa, cikin kowane bugu huɗu nauyi yana sauka ne a kan na biyu da na huɗu, shi kuwa Brown ya mayar da shi kan bugun farko, sannan ya sa jita da kayan busa, har da muryarsa, kowanne ya yi aikin ganga. A waƙar Cold Sweat ta 1967 kiɗan kusan ba ya gusawa daga inda ya tsaya, sai maimaici da amshi da ke ƙara zafi, kuma daga irin wannan ne salon funk ya tsaya da ƙafafunsa. Kunnen da ya saba da kalangu da 'yan amshi ba zai ji wannan tsari baƙo ba. Shi ya sa ban yi mamaki ba da na karanta cewa lokacin da ya zo Legas a 1970, makaɗansa sun je kallon Fela Kuti sun dawo suna jinjina masa.

Sauraron ne ya jawo ni ga tambayar da ban taɓa yi ba, wato su wane ne masu wannan bugu. A rubutuna na farko babu sunan makaɗi ko ɗaya. Brown mutum ne mai tsananin horo, wanda yake cin makaɗi tara idan ya kuskure kiɗa ko ya zo da takalmi ba gogewa, har yakan nuna masa tarar da yatsu a tsakiyar rawa. Horon ya haifar da ƙwarewar da ba a musunta, amma a 1970 yawancin makaɗansa suka rabu da shi kan rigimar kuɗi, ya maye gurbinsu da matasa irin su Bootsy Collins. Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Clyde Stubblefield, wanda ya buga ganga shi kaɗai na kimanin daƙiƙa 20 a cikin waƙar Funky Drummer. Mawaƙan hip-hop sun yanki wannan ɗan bugu sun gina waƙoƙi fiye da 1,000 a kansa, amma da yake ba a rubuta sunansa cikin masu waƙar ba, kuɗin mallaka bai zo hannunsa ba har ya rasu a 2017. A ganina wannan zalunci ne, ko da doka ta halatta shi.

Mun kuma yi muhawara a ofis kan ko za a ambaci kamun da aka yi masa saboda dukan matansa, da ɗaurin da ya sha daga 1988 zuwa 1991. Wasu suna ganin a bar mamaci da alherinsa, musamman mutumin da ya hau dandali a Boston ranar 5 ga Afrilu 1968, kwana ɗaya bayan kisan Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙaƙen fata, ya taimaka wajen kwantar da hankalin birnin. Na tsaya a kan a faɗi duka biyun, domin matan da suka sha wuya a hannunsa su ma suna cikin tarihin, kuma dattijon ya goyi bayana.

A ƙarshen shirin na karanta sunayen Stubblefield da Jabo Starks da Jimmy Nolen da Maceo Parker da Fred Wesley da Bobby Byrd, kowa da abin da yake kaɗawa ko busawa ko rerawa. Ina cikin karantawa na tuna cewa akwai mawaƙan Hausa da na haddace waƙoƙinsu tun ina yaro, alhali ban san sunan mai kalangu ko ɗaya a bayansu ba.

Bayan wata biyu wani mawaƙin gargajiya ya zo hira, ya shigo ɗakin watsa shiri shi kaɗai, ya bar makaɗinsa zaune a kan benci a waje da kalangu a hammata. Na fita na gaishe shi, na ce, "Baba, don Allah ka shigo, akwai kujerarka." Ya gaya mini shekara 30 ke nan yana bin maigidansa gidajen rediyo, kuma ranar ce aka fara tambayarsa sunansa a gaban makirufo.