Hancin Camry da lensin da na saya a banza

Kawuna dillalin motoci ne a Berger, can bakin titin Apapa zuwa Oshodi, kusa da Mile 2, inda ake jibge tokumbo bayan sun fito daga tashar jiragen ruwa. Yawancin masu sayensa ba sa taka ƙafa Legas. Suna Kano ko Kaduna ko Sakkwato, a WhatsApp za su ga mota, a yi ciniki ta waya, su turo kuɗi, a ɗora ta a tirela. Da na zo zama wajensa a Agege, sai ya miƙo mini wata tsohuwar kyamara, Canon 600D, da wani ya biya shi bashi da ita, ya ce ɗaukar hoton motoci aikina ke nan.

Lensin da ke jikinta shi ne wanda ake sayar da ita da shi, 18-55mm. Duk wanda ya san Berger ya san yadda ake jera motoci kamar kifin gwangwani, da ƙyar za ka buɗe ƙofa ba ta daki ta kusa ba. Ni kuwa sai in murɗa lensin zuwa 18, inda ya fi kwaso faɗin wuri, in tsaya dab da fitilar gaba, motar ta shiga hoto gaba ɗaya, in ji daɗi. Haka na yi wa wata baƙar Camry ƙirar 2010, wadda ake kira Muscle. Ba a yi awa guda ba wani Alhaji ya kira daga Kano, Kawu ya sa wayar a sifika.

"Alhaji, tsakaninka da Allah, motar nan ba a taɓa buga mata gaba ba? Bambar kamar ta kumbura, tayar baya kuma kamar ta Keke Napep."

Lafiyar motar ƙalau, amma ciniki ya watse. Kawu ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Kai ɗan nan, mota na ce ka ɗauko mini ko kan saniya?"

Sai na ɗora wa lensin laifi. Na tara ɗan abin da nake samu, na shiga Computer Village a Ikeja na sayo 50mm f/1.8, wanda kowa ke yabo saboda araha da kaifin hoto. Abin da ban lissafa ba shi ne sensar 600D, wato ɗan farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara, ƙarama ce, faɗinta milimita 22.3, don haka lambar milimita da ke jikin lensi sai ka ninka ta da 1.6. Hamsin ɗina ya koma tamanin ke nan. Tsawon Camry ya kai mita 4.8, kuma kafin ta shiga hoto ta gefe da wannan lensi sai ka ja baya kusan mita 12. Ina mita 12 a Berger? Ranar farko na yi ta ja da baya ido a kyamara har na zurma ƙafa a kwata, yaran da ke wanke motoci suka samu abin dariyar yini.

Ga kuma f/1.8 ɗin da nake taƙama da shi. Idan ka buɗe ƙofar haske haka, fitilar gaba ta fito tar, ƙofar baya kuma ta yi dishi-dishi. A hoton amarya ado ne. Mai sayen mota kuwa, da ya ga wuri ya dushe, zai ce ɓoye masa wani abu ake yi.

Wani dattijo mai ɗaukar hoton biki a unguwarmu ne ya warware mini. Bayan la'asar na kai masa kuka a ƙofar shagonsa, ya ce in mayar da tsohon lensin, in tsallaka titi, in ɗauki wata Sienna da ke fake a 18, sannan in sake ɗauka a 55 ba tare da na ɗaga ƙafa ba. Muka faɗaɗa na farkon a allo har motar ta kai girman ta biyun. Siffa iri ɗaya sak, babu hancin da ya kumbura.

"Ka gani ko, yaro? Ka bar jaki kana dukan taiki. Tsayuwarka ce ta ɓata motar."

"To Baba, me ya sa a Berger take kumbura?"

Ya ce in ƙirga da kaina. Idan bamba tana mita ɗaya da rabi daga gare ni, but ɗin baya yana mita shida, nisan ya ninka huɗu, dole gaba ya haɗiye baya. Idan na koma mita takwas, but ɗin yana sha biyu da rabi, bambancin ya ragu, motar ta fito yadda ido ya saba ganin ta.

Tun daga ranar na daina neman lensin da zai dace da matsatsin wurin, na koma neman fili. Ina idar da asuba nake barin Agege saboda gosulo, in isa kafin kasuwa ta cika, in ba yaron garejin na shayi ya fito mini da motar bakin hanya. Lensin da na raina shi nake sawa, a tsakanin 30 da 35, in tsaya mita bakwai zuwa takwas, ƙofar haske a f/8, in durƙusa har kyamara ta zo daidai da fitila. Hasken safiya ma ya fi. Na tsakar rana yana ƙone rufin mota ya bar ƙarƙashinta baƙi ƙirin.

Kuɗin da ban yi nadamar kashewa ba shi ne na filtar kashe ƙyalli, wadda masu shago ke kira CPL, mai faɗin 58mm daidai bakin lensin. Ranar da na fara ɗaura ta, na leƙa gilashin gaban wata Highlander, babu abin da ake gani sai gajimare da wayoyin lantarki. Na murza zoben a hankali, gajimaren ya narke, sitiyari da kujerun fata suka bayyana kamar an cire gilashin. Sai dai ba ta yi maka komai lokaci guda: in ka share gilashin gaba, ƙyallin ƙofofi ya dawo, sai ka zaɓa. Tana kuma cin fiye da rabin haske, don haka a cikin mota nake cire ta. Kuma ba ta hana baƙar mota zama madubi. Na taɓa tura hoton da ni ne tsugune a jikin ƙofa cikin farin kaftani. Yanzu baƙar riga ce kayan aikina.

A cikin mota ne 18 ke da rana. In zauna tsakiyar kujerar baya, dashbod da giya da sitiyari duk su shiga.

Hamsin ɗin ma bai tashi a tutar babu ba. Da shi nake ɗaukar lambar shasi mai harufa da lambobi 17, da mitar tafiya, da takardun kwastan, da zanen taya, da duk wani ƙarce a fenti. Wannan na ƙarshen sai da muka kai ruwa rana da Kawu.

"Wa ya aike ka nuna musu tabo?"

"Kawu, in ba su gani a waya ba, za su gani ranar da aka sauke ta a Kano."

Bai ce komai ba, bai kuma hana ni ba.

Daminar bana na bar hamsin ɗin a jaka wata guda, da na ɗaga shi a rana sai na ga wasu zare-zare kamar saƙar gizo a cikin gilashin. Laimar Legas ce ta haifar masa da fumfuna. Yanzu a robar abinci mai murfi lensunan ke kwana, tare da ƙullin ƙwayoyin tsotse danshi da nake tsinta a kwalin sababbin takalma. Mai gyara ya ce in kawo shi ranar Asabar ya buɗe ya gani.